Fashin baƙi: Me ke huda tankin sitenles bayan an wanke shi da asid?

A masana'antun Sharaɗa da Chalawa da Bompai, da ƙananan wuraren yin yogot da ruwan leda da ke cikin unguwannin Kano, akwai wata ɓarna da ke yawan maimaita kanta. Tanki ko bututun sitenles ya tara ƙanzo, an kawo asid an wanke, ya fito fes yana ɗaukar ido. Bayan wata biyu ko uku sai a ga ruwa yana tsattsafowa a gindin tankin, ko wani jan zane kamar sawun hawaye yana gangarowa daga bakin walda. Daga nan sai a shiga neman mai laifi. Mai kamfani ya ce jabu aka sayar masa, mai walda ya ce shi dai lafiya lau ya miƙa aikinsa, ɗan kasuwa ya rantse ya ce, "Alhaji, wallahi 304 na ba ka." Wannan 304 lambar wani nau'in sitenles ce, kamar 316 da sauransu. Sau da yawa dukkansu gaskiya suka faɗa. Jarkar da aka yi wankin da ita ce ba wanda ya waiwaya.

Sitenles, wanda a kasuwa ake haɗa shi da sauran fararen ƙarafa a ce silba, asalinsa baƙin ƙarfe ne da aka cakuɗa da kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Harry Brearley ne aka fi danganta gano shi gare shi, a birnin Shefil na Ingila a 1913. Abin da ke hana shi tsatsa ba ƙarfin jikinsa ba ne. Kuromiyam ɗin da ke ciki ne yake haɗuwa da iskar oksijin ya yi wata 'yar fata a samansa, wadda kaurinta bai wuce 'yan nanomita ba. In ka raba milimita ɗaya gida miliyan, biyu ko uku daga ciki ke nan. Ido ba ya ganin ta. In an karce ta, tana sake tofowa da kanta muddin akwai iska kuma wurin tsaf yake. Duk kuɗin da aka zuba a kan tankin sitenles, wannan fatar aka saya. Saboda haka tambayar da ta kamata kafin kowane wanki ita ce: abin da ke cikin jarkar nan, ciyar da fatar yake ko feɗe ta yake?

Ƙarfin asid ba shi ne ma'auni ba

Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, har da waɗanda suka daɗe a aikin. Ana ɗauka cewa asid mai ƙarfi shi ke cin ƙarfe, mai rauni kuma ba shi da illa, don haka in an surka da ruwa sosai an tsira. Ga sitenles lissafin ba haka yake ba. Asid ɗin naitirik, ko da an haɗa shi kashi 20 zuwa 45, gyara fatar yake yi, domin shi mai ba da oksijin ne. Da shi ma ake tayar da fatar sababbin kaya kafin a fara aiki da su. Asid ɗin haidurokulorik kuwa, wanda magina ke wanke tayil da shi bayan an gama gini, ko kashi 1 ne yana ɓata 304 da 316 duka. Bambancin yana cikin kulorayid, wato ɓangaren gishiri da ke jikinsa.

Ga lissafi a fili. A ruwa mai sanyi wanda ba shi da tsami, abin da aka saba ɗauka shi ne 304 yana jure kulorayid har wajen miligiram 200 a lita, 316 kuma wajen 1,000. Ruwan teku yana ɗauke da kimanin 19,000. Haɗin haidurokulorik mai kashi 5, wanda ake ganin ai sassauƙa ne, yana ɗauke da kusan 50,000 a lita, kuma a cikin tsami mai tsanani. Wato ya ninka ruwan teku fiye da sau biyu da rabi, ya ninka iyakar 304 wajen sau 250.

To me ya sa har yanzu ake amfani da shi? Domin yana da araha, yana da sauri, kuma a wurinsa daidai ne. Tukunyar tururi ta baƙin ƙarfe, wato boila, irin da ake gani a kamfanonin shinkafa da na mai, da haidurokulorik ake cire mata ƙanzo, a haɗa da maganin da ke rage cin ƙarfe, wanda ake kira inhibita. Daga can ɗabi'ar ta samo asali. Wanda ya saba wanke boila sai a kira shi wankin tankin sitenles, ya zo da durom ɗin da ya saba, ya kuma kwantar wa mai wuri da hankali da cewa ai akwai inhibita a ciki. Amma yawancin waɗannan magunguna don baƙin ƙarfe aka yi su. Suna rage zaizayar da ke cin fuskar ƙarfe baki ɗaya, ba sa ba da tabbacin hana huda a sitenles, kuma zafi yana karya su.

Akwai wani abu da ya fi wannan muni. Idan ƙanzon da ake cirewa yana da tsatsa a ciki, ko an bi da asid ɗin ta tsohon bututun baƙin ƙarfe, tsatsar tana narkewa ta zama ferik kulorayid, ruwan ya koma ruwan ɗorawa ko ruwan goro. Wannan sinadari shi ne ainihin abin da ɗakunan gwaji ke jiƙa sitenles a ciki da gangan don su ga saurin hujewarsa. Gwajin huda na G48, na ASTM, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin gwajin kaya, da kashi 6 nasa ake yi. Ke nan mai wankin da ke murna ruwa ya canza kala, alamar dauɗa na fita, shi ya haɗa wa tankin ruwan gwajin huda da hannunsa.

Yadda rami ke girma

Ɗauki fitila ka haska gindin tankin da aka yi wa irin wannan wanki. Abin da za ka gani ɗigo ne baƙi, bai kai kan allura ba, da ɗan jan zobe kewaye da shi. Sa farce, da ƙyar za ka ji shi. Amma in aka yanka wurin aka duba ta gefe, sai a tarar da kogo a ƙarƙashi, baki ƙarami ciki faffaɗa kamar tulu.

Ga yadda ake kai wa nan. Kulorayid yana fasa fatar a wuri ɗaya mai rauni: inda aka karce, ko inda wani ɗan datti ya maƙale tun daga narka ƙarfen. Ƙarfen da ke ƙarƙashi ya fara narkewa. Narkakken ƙarfen yana haɗuwa da ruwan da ke cikin ramin ya ƙara masa tsami, har ma'aunin tsami na pH, wanda ke sauka in tsami ya ƙaru, ya faɗo wajen 1 ko ƙasa da haka a cikin ramin, ko da ruwan da ke cikin tankin lafiyayye ne. Ƙarin kulorayid yana kwararowa ciki, oksijin kuma ba ya isa can ƙasa balle fatar ta sake tofowa. Duk faɗin bangon tankin da ya rage lafiya sai ya zama kamar ɗaya kan batir, ɗan ramin ya zama ɗaya kan, cin ya taru a wuri guda. Shi ya sa ramin da aka fara ranar wanki yake ci gaba da nutsewa makonni bayan an zubar da asid ɗin an manta. Tankin mai kaurin milimita 2 zai iya hujewa alhali bai rasa ko giram ɗaya na nauyinsa da za a lura ba.

Irin wannan ne ke faruwa a duk matsatsin da ruwa ke shiga ba ya fita: ƙarƙashin robar gaskit, cikin zaren noti, tsakanin faranti biyu da aka ɗora aka ɗiga musu walda, ƙarƙashin ragowar ƙanzon da bai fita ba. A nan ma ba sai an fasa fatar da ƙarfi ba, rashin iska kaɗai ya isa ya raunana ta. Na'urar musayar zafi mai faranti, wadda masu yogot da madara ke dafawa da sanyayawa da ita, ita ta fi shan wahala, domin kaurin farantinta kan kasance milimita 0.4 zuwa 0.6 ne kawai. Kwance ta ka ɗaga faranti ɗaya ka kalli rana ta cikinsa: ramukan sukan jeru a bin layin gaskit da wuraren da faranti ke taɓa ɗan'uwansa, haske yana ɓullowa kamar ta rariya. Kafin a kai ga ganin haka, ruwan sanyaya ya daɗe yana shiga cikin madara.

Idan zafi ya haura wajen digiri 60 kuma ƙarfen yana cikin ɗauri, kamar wurin lanƙwasa ko gefen walda, kulorayid yana kawo wata cutar dabam: tsaga siririya mai rassa kamar saiwar ciyawa, wadda ke ratsa ƙarfen ba tare da wata tsatsa a fili ba. 304 da 316 duk suna kamuwa da ita.

Sauran asid ɗin, kowanne da halinsa

Salfurik, wato ruwan batir, shi ma a kan jarraba shi saboda yana kusa da hannu. Kuskure biyu ne a haɗe. Na farko, surkakkensa yana cin 304, musamman da ɗumi. 316 ya fi juriya amma shi ma iyakarsa kaɗan ce. Na biyu, ba ya ma cire ƙanzon alli yadda ya kamata, domin yana mai da shi kalsiyam salfet, wanda ba ya narkewa, sai ya lulluɓe ƙanzon ya tsayar da aikin. In kuma gishiri ya haɗu da shi, kamar yadda ake yi a majemu wajen tsuma fata da gishiri da salfurik kafin jima, to an samu tsami da kulorayid a wuri ɗaya, tamkar haidurokulorik. Famfo da bawul na 304 ba sa yin ƙarko a irin wannan ruwa.

Salfamik gari ne fari, ana haɗa shi kashi 5 zuwa 10, kuma yana narkar da ƙanzon alli sosai ba tare da hayaƙi ba. Sharaɗinsa zafi: kada ya wuce digiri 60, domin sama da haka yana rikiɗa ya zama amoniyam baisalfet, wanda ya fi cin ƙarfe kuma yake haifar da wancan ƙanzon salfet ɗin. Fosforik yana da kyau ga ƙanzon madara da tsatsa mai sauƙi, in dai mai tsabta ne. Na aikin taki yakan zo da kulorayid da fulorayid a ciki. Sitirik, tsamin lemon nan da ake sayarwa a buhu mai kilo 25, shi ya fi sauƙin riƙewa, kuma gwani ne wajen kwashe ɓurɓushin baƙin ƙarfe daga fuskar sitenles, sai dai ba shi da sauri a kan ƙanzo mai kauri.

Naitirik shi ne abokin sitenles, amma ba abokin sauran abubuwan da ke kan layin ba ne. Yana narkar da jan ƙarfe da farin tagulla, don haka bawul ɗin tagulla guda ɗaya da aka saka a tsakiyar layi don ya fi araha zai tafi. Ƙananan na'urorin musayar zafi da aka liƙe farantansu da jan ƙarfe ba a kusantar su da shi sam. Fosforik ko sitirik mai kashi 5 ake sa musu. Yana kuma tsofar da gaskit na robar naitirayil da wuri. Sannan kada a taɓa bin haidurokulorik da naitirik ba tare da ɗauraya sosai ba, domin haɗuwarsu ita ke ba da ruwan da ke narkar da zinariya.

Kafin ma a zaɓi asid, a kankaro ɗan ƙanzon a ɗiga masa ɗan asid. In ya yi kumfa yana tsiri-tsiri, alli ne, salfamik ko fosforik ko naitirik mai rauni zai ɗauke shi. In ya yi shiru, mai yiwuwa silika ne ko salfet, ko kuma maiƙo da furotin da suka ƙone, kuma ƙara ƙarfin asid ba zai motsa shi ba, tankin kawai zai ci. Maiƙo da furotin aikin soda ne, wato kostik.

Ruwan da ake surkawa da shi

Za a iya sayen asid mai kyau a ɓata shi da ruwa. Ruwan burtsatse a Kano ya bambanta daga unguwa zuwa unguwa, kuma wanda ke kusa da inda ake aiki da gishiri mai yawa ya cancanci a auna shi. Iyakar nan ta 200 da 1,000 ta ruwa ce marar tsami. Da zarar an zuba asid, ko an ɗumama, iyakar tana saukowa ƙasa ƙwarai, kuma naitirik mai kulorayid a ciki yana huda da sauri domin shi yana tura cin, kulorayid yana buɗe ƙofa. Wanda ke da injin tace ruwa na RO, kamar yawancin masu ruwan leda, da wannan ruwan ya kamata ya haɗa asid ya kuma yi ɗauraya ta ƙarshe. Wanda ba shi da shi, ya kai ruwansa ɗakin gwaji, ya nemi ya tsaya ƙasa da miligiram 50 a lita don haɗin asid. A kula da na'urar tausasa ruwa da ake farfaɗowa da gishiri: ruwan farko da ke fitowa bayan an farfaɗo da ita, in ba a ɗauraye ta da kyau ba, ruwan gishiri ne.

Yanayin gari ma yana da hannu. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Kano yana haura digiri 40, tankin da ke ƙarƙashin kwano ko a rana kuwa ya fi haka. Abin da aka saba gani shi ne saurin cin ƙarfe yana kusan ninkawa da kowane ƙarin digiri 10, don haka haɗin da ya wuce lafiya da sanyin hunturu ba lallai ya wuce lafiya a watan Afrilu ba. Kuma ɗan ruwan da ya kwanta a gindin tanki yana ƙafewa da sauri, gishirin da ke cikinsa yana taruwa a ɗigon ƙarshe, har ruwa mai miligiram 50 ya zama mai dubbai a daidai inda ya bushe.

Sai bilic. Ana kashe ƙwayoyin cuta da shi, miligiram 100 zuwa 200 a lita, a ruwan sanyi, na minti 10 zuwa 20, a ɗauraye. In aka zuba shi a kan ragowar asid, iskar kulorin ce ke tashi: tana shaƙe mutum, tana kuma taruwa a rufin tanki ta huda shi daga sama. Barin ruwan bilic ya kwana a tanki "don ya yi aiki sosai" yana cikin manyan abubuwan da ke kashe 304.

Walda da wane ƙarfe aka saya

Ramuka sukan fara ne a gefen walda, kuma akwai dalili. Launin shuɗi da ruwan ƙasa da zafi ke bari a bakin walda ba ado ba ne. Ƙarƙashinsa akwai siririn ƙarfe da kuromiyam ɗinsa ya ragu. In an yi waldar bututu ba a cika cikinsa da iskar agon ba, cikin yakan yi baƙin ƙuraje kamar ƙonannen sukari, inda ba wanda zai gani sai asid. Haka kuma 304 na gama-gari, mai kabon har kashi 0.08, in ya daɗe tsakanin digiri 450 da 850, kabon yana kama kuromiyam a kan iyakokin ƙwayoyin ƙarfen, sai asid ya bi waɗannan layukan, har naitirik mai zafi. Maganinsa 304L ko 316L, masu kabon da bai wuce 0.03 ba. Ƙari a kan haka, faifan gurza ko burushin waya da aka taɓa aiki da shi a baƙin ƙarfe yana dasa ɓurɓushi a fuskar sitenles, su yi tsatsa, ramuka su fara a ƙarƙashinsu. Kayan aikin sitenles a ware su dabam.

Gyaran bakin walda da man tsuma ake yi, wanda haɗin naitirik ne da haidurofulorik. Ƙa'idar ASTM A380 ta ba da naitirik kashi 15 zuwa 25 da haidurofulorik kashi 1 zuwa 8 ga dangin 304 da 316. Wannan haɗin da gangan yake cin fuskar ƙarfen, don haka ba abin wankin yau da kullum ba ne. Haidurofulorik kuma yana ratsa fatar mutum ya kama sinadarin kalsiyam na jiki, zafin ba ya zuwa nan take. Duk wurin da ake buɗe shi dole a ajiye man kalsiyam gulukonet mai kashi 2.5 kusa, da ruwa mai gudu.

Game da abin da aka saya kuwa, maganaɗisu ba ya raba gardama. Ba ya kama 304, ba ya kama 316, ba ya kama 201 mai ƙarancin nikel da yawan manganis, wanda ya fi su araha kuma ya fi su saurin hujewa. Yana kama 430, yana kuma kama 2205 wanda ya fi su duka juriya, har 304 ma yakan ɗan kama shi a wurin lanƙwasa. Wanda ya je kasuwar Kofar Ruwa da maganaɗisu a aljihu bai tabbatar da komai ba sai cewa ba baƙin ƙarfe aka ba shi ba. Bambancin 304 da 316 shi ne molibdenam kashi 2 zuwa 3, kuma akwai ruwan gwaji da ake ɗigawa ya nuna shi, akwai kuma na'urar hannu ta XRF da ke karanta haɗin ƙarfe cikin daƙiƙoƙi. Masana suna kwatanta juriyar huda da lissafi: kuromiyam, a tara da molibdenam sau 3.3, a tara da naitirojin sau 16. 304 yana ba da wajen 18 zuwa 20, 316 wajen 24 zuwa 26, 2205 wajen 35. Amma kada wannan ya ruɗi kowa: babu ɗaya a cikinsu da aka yi don haidurokulorik. Wurinsa roba ne, ko tankin da aka shafe cikinsa da roba.

Wankin da ba ya cin tanki

A layin madara ko lemo da ake wankewa ba tare da an kwance shi ba, abin da ake kira CIP, tsarin da aka saba shi ne a fara kora da ruwa mai ɗumi-ɗumi har ya fito garau. Ruwa mai zafi sosai a farko yana dafa furotin ya manne. Sai soda kashi 1 zuwa 2 a digiri 70 zuwa 80 na minti 20 zuwa 30, a ɗauraye, sannan naitirik ko haɗinsa da fosforik kashi 0.5 zuwa 1 a digiri 60 zuwa 65 na minti 15 zuwa 20, a sake ɗaurayewa har takardar pH ta nuna ruwan da ke fita daidai yake da wanda ke shiga. Don haɗa lita 1,000 mai kashi 1 daga naitirik mai kashi 68, kimanin lita 10 da rabi ake bukata. A auna da mazubi, ba da ido ba, kuma asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba.

Gudu ya fi ƙarfin haɗi muhimmanci. Ana son ruwan ya riƙa tafiyar mita 1.5 a daƙiƙa, wanda a bututu mai inci 2 yake nufin wajen lita 10,000 a awa. Famfon da bai kai haka ba shi ke sa a ce wanki bai fita ba, sai a ƙara asid, a ƙara lokaci, ko a bar shi ya kwana. Jiƙon kwana shi ne mafi haɗari, musamman inda wuta za ta iya ɗaukewa a tsakiyar aiki famfo ya tsaya da asid a ciki. Kada a fara zagayen asid sai an tabbatar da janareta da isasshen ruwan ɗauraya a tanki. A duba kuma rassan bututu da aka toshe ƙarshensu; duk wanda tsawonsa ya wuce faɗinsa sau biyu, asid zai maƙale a ciki. Bututu ya ɗan karkata, ko santimita 1 a kowace mita, don ya tsiyaye tas.

Bayan babban gyara, ko bayan cire ƙanzo mai yawa, ana tayar da fatar. ASTM A967 ta yarda da sitirik kashi 4 zuwa 10: aƙalla minti 20 a digiri 21 zuwa 49, ko minti 10 a 49 zuwa 60. Buhu biyu masu kilo 25 a lita 950 sun ba da kashi 5. Dole a fara cire maiƙo, in ba haka ba asid ɗin ba zai taɓa ƙarfen ba. Bayan ɗauraya a buɗe murfi a bar iska ta shiga ya bushe.

Duk sabon sinadarin wanki da aka kawo a jarka ba takarda, a gwada shi kafin ya shiga tanki. Ɗigon silba naitiret a cikin surkakken samfurinsa, in ya yi farin gajimare kamar nono, alamar kulorayid ce. Sannan a yanko ɗan guntun ƙarfe irin na tankin, zai fi kyau mai walda a jiki, a auna nauyinsa, a ɗaura masa roba don a kwaikwayi gaskit, a jiƙa a zafin da za a yi aikin. Lissafin saurin cin ƙarfe, a milimita a shekara, shi ne 87.6 sau nauyin da ya ragu a miligiram, a raba da 7.9 sau faɗinsa a santimita murabba'i sau awoyi. Guntu mai faɗin 20 da ya rasa miligiram 10 a awa 24 ya ba da 0.23. Ga layin da asid ke taɓawa awa ɗaya a rana, wannan bai kai a damu ba. Abin dubawa na gaske yana ƙarƙashin robar: rami ko ɗaya ne, an ƙi sinadarin, komai kyan lissafin.

Jarkar haidurokulorik ma ba a ajiye ta a ɗaki ɗaya da kayan sitenles. Hayaƙinta yana sauka a kan ƙarfe, ƙurar hunturu ta riƙe shi, damina ta kawo laima, sai a wayi gari bayan tankuna ya yi jajayen ɗigo alhali ba a taɓa zuba musu komai ba. Ruwan wanki kuma a kashe tsaminsa da farar ƙasa ko sodar wanki har pH ya kai 6 zuwa 9 kafin a sake shi a kwata, domin kwatocin nan rafukan Salanta da Getsi da kogin Chalawa suke faɗawa, masu lambu kuma suna ban-ruwa da su.

In kuwa an riga an yi kuskuren zuba haidurokulorik a sitenles, a zubar nan take, a kora da ruwa mai yawa, a zagaya da sodar wanki kashi 1 zuwa 2, a sake korawa, a kwance duk gaskit da bawul a wanke ƙarƙashinsu, sannan a bi da sitirik a busar. Ramukan da suka riga suka kama ba sa warkewa da wanki. Sai an gurje kowanne har gindinsa da faifai sabo, a shafa jan ruwan gwajin tsaga a tabbatar ba saura, in ya yi zurfi a cike da sandar 308L ga 304 ko 316L ga 316, a tsuma wurin a ɗauraye. Tsagar nan mai rassa ita ce ba ta karɓar faci: zafin walda yana buɗe ta gaba, don haka ana yanke wurin ne da tazara mai kyau bayan inda jan ruwan ya daina nunawa, a sa sabon faranti.